Diyapo, PDF ko bidiyo: wanne za ka tura wa mutane, kuma me ya sa aikin ke lalacewa a hanya?

Tambayar da ta fi yawa a bakin masu zuwa wurinmu da kile, wato ɗan abin USB na ajiyar aiki, a hannu, musamman lokacin sutnans, wato kare memuwar a gaban malamai, na ɗaliban Jami'ar André Salifou da kuma ƙarshen shekara da ƙungiyoyi ke haɗa rapor, ita ce "malam ya zan yi in mayar da diyapo ɗina bidiyo in tura a WhatsApp?" Ni kuma kafin in taɓa linzami sai na mayar da tambaya, wa zai buɗe abin, a kan wace na'ura zai buɗe, kuma kana wurin lokacin da zai buɗe ko ba ka nan? Wasu har haushi suke ji, suna ganin ja musu rai nake, alhali duk maganar a nan take. Mutum ya kwana uku yana gyaran diyapo, ya sa hotuna ya sa launi ya sa rubutu yana shigowa yana fita, amma minti biyu na ƙarshe da zai zaɓi yadda zai adana aikin sai ya danna abin da ya fara gani, kuma a wannan minti biyun ne aikin ke tsira ko ya lalace.

Mu fara da fishiye ɗin da PowerPoint, manhajar haɗa diyapo, ke ba ka in ka danna Enregistrer kawai, wato wanda sunansa ke ƙarewa da pptx. Shi PowerPoint tun 1987 yake, a shekarar ne Microsoft ta saye kamfanin da ya ƙirƙiro shi, kuma har zuwa Office 2003 fishiye ɗinsa ppt ne, sai da Office 2007 ya fito aka koma pptx. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne pptx ba hoton diyapo ɗinka ba ne, jaka ce mai ɗauke da umarni. In kana so ka gani da idonka, kwafi fishiye ɗin ka ajiye na ainihi gefe, ka canza ƙarshen sunan kwafin daga pptx zuwa zip ka buɗe, za ka tarar da dosiye-dosiye a ciki, akwai ppt, cikinsa akwai slides inda kowace diyapo take da nata ɗan fishiye na rubutun umarni, akwai media inda duk hotuna da sauti da bidiyon da ka saka suke zaune kowanne da nauyinsa. To wannan umarnin ne odinatar ɗin da ya buɗe zai karanta ya zana diyapo ɗin da kansa, da irin salon rubutun da yake da shi, da irin PowerPoint ɗin da ke kansa. Kamar ka aika wa mutum dawo da nono ne ka ce ya dama da kansa, bidiyo da PDF kuwa damammiyar fura ce, yadda ka dama haka zai sha, sai dai ba zai iya sake gyara ta ba.

Shi ya sa ake samun abin nan mai ban takaici ranar sutnans. Ɗalibi ya gyara komai tsaf a gida, ya zo zaure aka jona kile a odinatar ɗin da ke haɗe da projektar, sai ga kan magana ya sauko ya hau kan hoto, layin ƙarshe ya fita daga diyapo, teburin lissafi ya karkace, ga malaman juri zaune suna kallo. Ba wanda ya taɓa masa aiki, salon rubutu ne ya canza. Tun 2007 Calibri ne salon da Office ke farawa da shi, amma daga 2023 Microsoft ta fara maye gurbinsa da wani mai suna Aptos, to in ka yi aikinka a sabon Office ka kai shi tsohon odinatar mai Office 2010 ko 2013, irin waɗanda suka cika biro-biro da lakwal-lakwal ɗinmu, shi bai san Aptos ba, sai ya ɗauko wani salon ya saka, faɗin haruffa ya bambanta, komai ya gusa. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi shafarmu ma, domin ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, musamman irin masu kwalliyar nan da ake saukewa a intanet, sai ka ga inda ka rubuta ƙasa ya koma ɗan akwati da "asa" a gabansa, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Haka ma mai saka aya ko hadisi da Larabci, in salon ya canza wasulla na iya gushewa daga inda suke, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin farko shi ne ka tsaya kan salon da kowane odinatar ke da shi, Arial ko Times New Roman ko Calibri. In kuma dole sai wani salo na musamman, kamar Charis SIL ko Andika da masu aikin yaƙi da jahilci ke so saboda haruffan harsunanmu sun fito da kyau a cikinsu, ka shiga Fichier, Options, Enregistrement, ka sa alama a Incorporer les polices dans le fichier. Fishiye ɗin zai ƙara nauyi kaɗan amma salon zai tafi tare da shi, sai dai ba kowane salo ne ke yarda a cusa shi ba, wasu masu shi sun kulle. In odinatar ɗinka daga Kano aka kawo shi kuma menu ɗinsa da Ingilishi yake, wuri ɗaya ne, File, Options, Save.

Akwai kuma ppsx, wanda a Enregistrer sous aka rubuta masa Diaporama PowerPoint. Shi da ka danna shi sau biyu yake buɗewa cike da ekaran ya fara nunawa, ba sai jama'a sun ga kana neman maɓallin F5 mai fara nunawa ba. Yana da kyau ranar gabatarwa. Amma kar wani ya ruɗe ka cewa ya kulle aikinka, duk wanda ya fara buɗe PowerPoint sannan ya nemo fishiye ɗin ta Ouvrir zai gyara shi yadda ya ga dama, kuma duk matsalar salon rubutu tana nan yadda take.

Ni a ganina pptx na mutum biyu ne kawai, kai da za ka tsaya ka yi bayani da bakinka, da wanda kake so ya gyara aikin, kamar malamin da ke duba memuwar ɗinka ko abokin aikin da zai ƙara nasa ɓangaren. Ban da su, kar ka tura pptx. Kuma akwai dalilin da ya wuce lalacewar tsari, shi pptx yana tafiya da duk abin da ke ciki har wanda ba a gani a ekaran. Bayanan da ka rubuta wa kanka a ƙasan diyapo don tuni, diyapon da ka ɓoye, sharhin da direkta ya yi maka, sunan wanda ya ƙirƙiri fishiye ɗin, har ɓangaren hoton da ka yanke ka zaci ya tafi, yana nan, mutum na danna Rogner, maɓallin yankan hoto, zai jawo shi ya gani. Ka ɗauka ma'aikaciyar lafiya ce ta saka hoton rajista ta yanke inda sunayen marasa lafiya suke ta bar lambobi kawai, sannan ta tura pptx ɗin a gurup, ai ta tura sunayen ke nan ba ta sani ba. In dole ne ka tura shi, ka bi ta Fichier, Informations, Inspecter le document ka goge abin da bai kamata ya fita ba, sannan ka danna hoto ɗaya ka shiga Compresser les images ka sa alama a wurin da ke cewa a share wuraren da aka yanke, ka cire alamar da ke cewa wannan hoton kaɗai domin ya shafi duka. Wannan ɗin ma yana rage nauyi sosai, don hoton waya guda na iya kai mega uku ko huɗu, ashirin daga cikinsu sun isa su kumbura fishiye.

PDF kuwa shi ne wanda aka fi rainawa alhali shi ya fi biyan bukatar yawancin masu tambayar bidiyo. Fichier, Exporter, Créer un document PDF, ka zaɓi Taille minimale in don waya ne ko Standard in za a buga a takarda, shi ke nan. Salon rubutu yana ciki, ƙ tana nan ƙ, kowace waya tana buɗe shi, nauyinsa kaɗan ne, mai karatu yana iya tsayawa a shafi ɗaya ya buɗa shi da yatsu biyu ya karanta tebur a natse, ya koma baya in ya so. In za ka raba wa mahalarta formasiyon a takarda, cikin Options ka zaɓi Documents ka sa diyapo 3 a shafi, zai fito da layuka a gefe don rubutu, ko 6 in kana tattalin takarda. Abin da PDF ba ya ɗauka shi ne motsi da sauti. Duk animasiyon ya mutu, bidiyon da ka saka ya koma hoto tsaye, kuma in ka jibga abubuwa uku wuri ɗaya da niyyar ɗaya ya shigo bayan ɗaya ya fita, a PDF duk za su hau kan juna. Irin wannan diyapo sai ka raba ta gida uku kafin ka fitar.

In diyapo ɗaya ce ko biyu, misali sanarwar taro ko jadawalin jarrabawa, kar ma ka wahalar da mutane da PDF, Enregistrer sous ka zaɓi PNG ko JPEG, zai tambaye ka duka ko wannan kaɗai, sai ya ba ka hoto mai faɗin 1280 da tsayin 720, ka tura. PNG ya fi tsaftace gefen haruffa in rubutu ne ya fi yawa.

To yanzu bidiyo, wanda shi ne aka fi so kuma aka fi ɓatawa.

Tun PowerPoint 2010 aka sa hanyar fitar da bidiyo, a lokacin WMV kawai yake bayarwa wanda wayoyi da yawa ba sa buɗewa sai an sa musu manhajar kallon bidiyo ta VLC, daga 2013 ne MP4 ya shigo, kuma shi za ka riƙa zaɓa kullum. Hanyar ba ta da wuya, Fichier, Exporter, Créer une vidéo. Za ka ga akwati biyu da wani ɗan gurbi na daƙiƙa. Akwatin farko na inganci ne, na biyu yana tambaya ko a yi amfani da lokaci da muryar da aka naɗa, gurbin kuma an riga an rubuta 5 a ciki, ma'ana kowace diyapo za ta tsaya daƙiƙa 5 ta wuce. Mafi yawan mutane ba sa taɓa komai, suna danna Créer la vidéo, sai a samu bidiyo bebe, diyapo mai layi goma sha biyu na Faransanci tana wucewa cikin daƙiƙa 5 daidai da diyapon da aka rubuta "Merci" kaɗai. Wa zai karanta layi goma sha biyu a daƙiƙa 5 a kan ekaran ɗin Itel? Mutum ya kashe megansa ya sauke, yana ta danna tsayawa yana komawa baya, a ƙarshe ya haƙura. Wannan bidiyon PDF ya fi shi ta kowace fuska, kuma ina faɗa da gaske, in ba za ka sa murya ba to kar ka yi bidiyo.

Amfanin bidiyo ɗaya ne, ya tafi da bayaninka inda kai ba za ka je ba. Diyapo dama ba a yi ta don ta tsaya ita kaɗai ba, rabin maganar na bakin mai gabatarwa, in an cire bakin an bar kanun magana kawai. Kuma a nan Damagaram wannan ya fi ko'ina muhimmanci, domin diyapon da ake haɗawa a biro kusan duk da Faransanci ne, waɗanda ake so saƙon ya kai gare su kuwa, manoman Mirya da Magarya da Matamaye, matan ƙungiyoyin adashi, makiyayan wajen Tanut da Gure, da yawansu ba su yi lakwal ba amma suna da waya ko akwai mai waya a gidan, kuma saƙon murya ba baƙonsu ba ne, kullum da shi suke hulɗa. Malamin gona ya haɗa diyapo takwas, hoton tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, hoton yadda ɓarnarta take, hoton abin da za a yi, ya ɗora muryarsa da Hausa yana cewa "kun ga wannan layin da ya zagaye zangarniya, to aikinta ne", wannan bidiyon zai yi yawo daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth ba tare da rezo ba ma, ya kai ƙauyen da shi malamin bai taɓa takawa ba. Kuma diyapo ɗin nan dai, in an samu mai jin Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci, sai a kwafi fishiye ɗin ya naɗi tasa muryar, an samu bidiyo na biyu da na uku ba tare da an sake wani aiki ba. Abin da ke sa ni damuwa da wannan maganar ke nan, kayan aikin na nan cikin odinatar ɗin da ke kan teburin kowane biro, ba a sayen komai, amma sai a ƙare da bidiyo bebe da waƙa a bayansa.

Yadda ake naɗar muryar, ka shiga Diaporama ka danna Enregistrer le diaporama, a sababbin Office Enregistrer kawai aka rubuta, za ka ga jan maɓalli, ya ƙirga uku biyu ɗaya ka fara magana, in ka gama da diyapo ka danna ta gaba. Yana riƙe tsawon lokacin da ka yi a kowace diyapo, da lokacin da ka danna kowane animasiyon, har zanen da ka yi da alƙalami a kan hoto yana shiga. Abu biyu nake so a riƙe a nan. Na farko, PowerPoint ba ya naɗar murya a daidai lokacin da yake sauyawa daga wata diyapo zuwa wata, don haka in kana cikin magana ka danna, kalma ɗaya ko biyu za su yanke, ka gama jimlarka ka yi shiru ka danna ka ɗan numfasa sannan ka ci gaba. Na biyu, muryar kowace diyapo daban ake ajiye ta, za ka ga ɗan hoton lasifika a kusurwar ƙasa, to in ka yi tuntuɓen harshe a diyapo ta 7 ba sai ka koma farko ba, ka je ta 7 ka sake naɗarta ita kaɗai. Mutane da yawa saboda rashin sanin wannan suke sake minti ashirin gaba ɗaya har su gaji su bari.

Makirfon odinatar yana kwasar komai, fanka, kabu-kabu a titi, zakara, yara. Ekutar ɗin waya mai ɗan makirfo a jikin igiya ya fi shi nesa ba kusa ba, ka kashe fanka na ɗan lokacin ko da ana zafi, ka rufe taga, bayan sallar asuba ko can dare ya fi shiru. Ka naɗi diyapo ɗaya tukuna ka saurara kafin ka yi sauran. Kyamara kuma in ba dole ba ka kashe ta, fuskarka a kusurwa tana rufe rubutu tana kuma ƙara nauyi.

Sai zaɓin inganci. Sababbin PowerPoint suna ba da huɗu, Ultra HD 4K mai 3840 da 2160, Full HD 1080p mai 1920 da 1080, HD 720p mai 1280 da 720, sai Standard 480p mai 852 da 480. Mutum na ganin "Ultra" sai ransa ya biya. Amma ka yi lissafi, 4K ɗigo sama da miliyan 8 ne a kowane hoto, 1080p miliyan 2 da ɗan kai, 720p bai kai miliyan 1 ba. Yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun jama'a ekaran ɗinsu bai wuce 720 ba, duk abin da ka ƙara a sama ba za su gan shi ba, nauyi kawai ka ɗora musu, wata wayar ma 4K sai ta riƙa sarƙewa. Don WhatsApp 720p ya isa, 480p ma yana yi in rubutunka manya ne kuma hotuna suka fi yawa, 1080p ka bar shi don projektar ko talabijin ko YouTube. Kuma shi nauyin bidiyo yawan bayanin da ake zubawa a kowace daƙiƙa ne sau tsawon lokaci, bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana kai mega 7 da rabi a minti, minti 10 mega 75 ke nan. Ka ɗauka gurup ne mai mutum 200 ka jefa musu bidiyo mai mega 50, in kowa ya sauke an ƙone jiga 10 na kuɗin mutane, mega 50 ɗin kuwa ga wani forfe ɗinsa na yini guda ke nan ya tafi. Shi ya sa nake cewa ka rage surutu, minti uku zuwa biyar, in darasin dogo ne ka yanka shi kashi-kashi kowanne da kan maganarsa, wanda ke bukatar kashi na uku ya sauke shi kaɗai. Motsin kwalliya irin su labule na buɗewa da diyapo na juyawa su ma suna ƙara nauyi don duk ɗigon ekaran ne ke canzawa, hoto tsaye kuwa kusan kyauta ne.

Da ka danna Créer la vidéo ka duba can ƙasan PowerPoint, akwai ɗan layi yana cika a hankali. Kar ka rufe, kar ka kife murfin odinatar, a tsohon inji yana iya ɗaukar lokacin da ya fi tsawon bidiyon kansa. Ka tabbata batir na da caji ko kuran na nan, don in wuta ta ɗauke a tsakiya fishiye ɗin da zai bari ba ya buɗuwa, sai an sake daga farko. Kuma ka sa ya rubuta a kan odinatar, in ya gama ka kwafa zuwa kile, kar ka fitar kai tsaye cikin kile. In bidiyon ya fito da nauyi fiye da yadda kake so akwai manhajar HandBrake, kyauta ce, ka jefa shi ciki ka zaɓi 720p ya matse maka shi, sau da yawa ido ba ya ma ganin bambanci.

Wajen turawa ma akwai tarko. In ka tura ta Galerie a matsayin bidiyo WhatsApp zai sake matse shi da kansa, hotuna za su jure amma ƙananan rubutu sai su dushe, tun 2023 akwai ɗan maɓallin HD a sama wanda ke rage ɓarnar. In ka tura ta Document kuwa yana tafiya yadda yake ba a taɓa shi ba, kuma tun 2022 Document na ɗaukar har jiga 2, sai dai mai karɓa ba zai ga hoton farko ba, suna kawai zai gani, don haka ka ba shi suna mai ma'ana, "Tsutsar hatsi kashi na 1", ba "Présentation1 final final" ba. Gmail mega 25 yake ɗauka a saƙo, abin da ya fi haka sai ta Google Drive ka tura mahaɗi, ka kuma tuna ka buɗe izini ga duk mai mahaɗin, in ba haka ba mutum zai danna a ce masa ya nemi izini. Status kuwa gajere ne, dogon bidiyo yanka shi zai yi.

Wani abin da kusan ba mai tunawa, diyapo a kwance take, 16:9 tun Office 2013, kafin nan 4:3, waya kuwa a tsaye ake riƙe ta. Bidiyo kwance a waya tsaye ɗan siririn zane ne a tsakiya da baƙi sama da ƙasa, kuma ba kowa ke juya waya ba. In ka san tun farko don waya kake yi, ka shiga Création, a wasu Conception, Taille des diapositives, ka mayar da ita Portrait kafin ka fara saka komai, in ka bari sai ka gama za ka sha gyara. Rubutu ya zama manya, layi uku ko huɗu sun isa tunda murya na nan tana bayani.

Wanda ba shi da odinatar sai waya shi ma ba a bar shi a baya ba. Cikin sauran manhajojin haɗa diyapo, Google Slides yana ba da pptx da PDF da hoto amma a jerin Télécharger ɗinsa babu MP4, haka LibreOffice Impress ba ya fitar da bidiyo kai tsaye. Canva yana ba da MP4 amma sai da rezo mai ƙarfi. Hanya mafi sauƙi ita ce naɗar ekaran, daga Android 11 abin yana cikin waya, Tecno da Infinix ma suna da nasu, ka buɗe diyapo ɗin cike da ekaran a WPS Office ko PowerPoint na waya, ka kunna naɗa tare da makirfo, kana magana kana turawa da yatsa. Ka sa wayar a yanayin jirgi tukuna, in ba haka ba kira zai yanke maka aiki ko saƙon wani ya faɗo a sama kowa ya karanta. Bambancinsa da na odinatar shi ne in ka yi kuskure sai ka sake duka ko ka yanke da wata manhajar, don haka gajere ya fi.

Ga mai sutnans ko mai gabatarwa a atiliye, abin da nake ba da shawara kullum shi ne ya tafi da pptx da PDF na aiki ɗaya, a kile da kuma cikin waya, ya tura wa kansa ta mel ko WhatsApp. In pptx ya watse a injin zauren sai ya buɗe PDF ya danna Ctrl da L a Adobe Reader ya cika ekaran ya ci gaba, ba wanda zai lura. In akwai bidiyo cikin diyapo ya tabbata cusa shi ya yi daga odinatar, ba mahaɗin YouTube ba ne, don mahaɗi sai da intanet a zauren, ya kuma ajiye bidiyon daban a dosiye ɗaya ko da zai ƙi tashi. Kile ɗin da ya zaga siber-siber kuwa, in ka jona ka ga duk dosiyenka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a kusurwa, kar ka danna ko ɗaya, cutar nan ce mai ɓoye fishiye, aikinka na nan a ɓoye bai goge ba, kar ka yi saurin yin forma, wato goge komai na kile ɗin, ka kai wa wanda ya sani ya fito maka da shi. Kuma duk abin da ka fitar, PDF ne ko bidiyo, kafin ka jefa shi a gurup ka tura wa wani na gida mai ƙaramar waya, ka karɓi wayar tasa ka kalla daga farko har ƙarshe da sautin lasifikarta, in akwai layin da kai da ka rubuta shi ba ka iya karantawa a nan, ka koma pptx ɗinka ka ƙara girman rubutun ka sake fitarwa.